Yadda za ka gano ciwon tsohuwar motarka a Legas kafin ka kama hanyar Ladipo

Yawancin kuɗin da mai tsohuwar mota ke zubarwa a Legas a canki-canka suke tafiya. Mota ta ƙi tashi, a ce batir ne, a sayo. Ba ta tashi ba, a ce kik ne. Daga nan a koma kan famfon mai. Sai an gaji da zaryar Ladipo, babbar kasuwar kayan gyaran mota, sannan a lura ashe kan batir ne ya yi gishiri. Bayanin nan ya fi shafar motocin da suka cika titunanmu, daga Agege zuwa Mile 12: Camry ta 1997 zuwa 2011, Corolla ta 2003 zuwa 2008, Accord da Sienna na wannan zamanin. Ka'idar guda ce, kada ka sayi komai sai ka gwada, kuma ka fara gwaji da abin da ba ya cin ko sisi.

Kayan aikin ba su da yawa. Sifana mai lamba 10, 12, 14 da 17, soket ɗin fulogi mai lamba 16, filaya, sukudireba iri biyu, wayar jona batir, tocila, tsumma, da jarkar ruwa ta lita 5. Sai abu biyu da mutane ke raina wa alhali su ne ke hana asara: mitar auna wuta, da 'yar na'urar sikan mai karanta lambar ciwo daga kwamfutar mota, irin ELM327 da ke haɗuwa da wayar hannu. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da mai amfani da fetur ta Turai daga 2001, tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake cusa ta.

Idan ta ƙi tashi

Kashe rediyo, murɗa makulli, ka kasa kunne. Ƙarar da ka ji ita za ta nuna maka inda za ka dosa.

In ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun gaban sitiyari suna dishewa, wuta ce ba ta isa. Buɗe bonet ka kama kan batir ka jijjiga. In ya motsa a hannunka, ko ka ga farin gari ko kore ya taru a kai, can matsalar take. Iskar Legas mai laima da gishirin teku tana saurin cinye wannan wurin. Da sifana 10 ka fara kwance baƙar waya, sannan ja. Wanke da ruwan zafi, ko ruwan da aka jiƙa kanwa a ciki domin tana kashe kaifin asid, ka goge da burushin ƙarfe har ya yi sheƙi. Wajen mayarwa ja ce farko, baƙa a ƙarshe. Ka kuma bi baƙar wayar zuwa inda aka ɗaure ta a jikin mota da jikin inji, domin tsatsa a nan kan sa a zargi batir mai lafiya.

Sannan ka ɗora mita. Batirin da ya kwana bai yi aiki ba, in cike yake zai nuna 12.6V. A 12.2V ya kai rabi, ƙasa da 12V kuwa ya sauka. Sa wani ya murɗa makulli kana kallo: in ya faɗo ƙasa da 9.6V lokacin da kik ke juyawa, batirin ya gaji ko da an yi masa caji. Bayan mota ta tashi sake aunawa. Tsakanin 13.5V da 14.5V altaneta na caji daidai. In ya tsaya a sha biyu da 'yan kai, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya sauka, don haka duba bel ko ya saki kafin ka ɗauki altaneta zuwa wurin rewaya.

Wajen jonawa da wata mota, jar waya daga ja zuwa ja. Baƙa kuma daga baƙin kan batir mai kyau zuwa wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batirinta. Juya wayoyin nan ko na daƙiƙa ɗaya na iya ƙona babban fiyus, wani lokaci har da altaneta.

Akwai motar da batirinta sabo ne, caji lafiya, amma kullum da asuba shiru. Wani abu ne ke shan wuta da dare, kuma galibi abin da aka ƙara mata ne daga baya: na'urar bin sawu, rediyo mai allo, ko fitilar but da ba ta mutuwa. Kwance baƙar waya, saita mita a 10A, ka sa ta tsakanin wayar da kan batir, rufe ƙofofi, ka jira kamar minti 30 kwamfutar motar ta yi barci. Abin da ya haura 50mA sosai ya yi yawa. Riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi, layin da ka zare shi ne ɓarawon.

In ƙwas ɗaya ka ji sannan shiru, fitilu kuma da ƙarfinsu, hankali ya koma kan kik. A mota mai giyar otomatik fara mayar da giya N ka gwada, domin makunnin da ke gaya wa mota tana P yakan lalace. Bubbuga jikin kik da ƙotar sifana yayin da wani ke murɗa makulli kan tayar da ita, amma wannan na kai ka gida ne kawai. Burushinsa ko tagullar cikinsa ta cinye, kuma ana canza su ba sai an sayi kik gaba ɗaya ba.

In kuwa inji na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, ko mai ne babu ko tartsatsi. Dubi fitilar makulli a gaban sitiyari tukuna. In tana ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, motar ba ta gane makullin ba ne, gwada na biyun. A Honda, da ka murɗa zuwa ON za ka ji famfon mai ya yi zuu na daƙiƙa biyu daga wajen kujerar baya. Yawancin tsofaffin Toyota ba sa yin haka, famfonsu sai inji na juyawa yake aiki, kuma rashin sanin wannan ya sa an canza famfo masu lafiya da yawa. Duba fiyus da rile masu rubutun EFI a akwatin cikin bonet. In rilen hon lambarsa ɗaya da shi, musanya su ka gwada. Tsofaffin Accord na shekarun 1990 kuma suna da wani hali: bayan sun sha rana sai su ƙi tashi, in sun huce su tashi. Dalmar cikin babban rilen da ke ƙarƙashin sitiyari ce ke tsagewa, mai gyaran rediyo ma zai iya sake narka ta.

Zafi

Nan ne tsohuwar mota ke mutuwa a garin nan. Awa biyu a gosulo kan gadar Third Mainland ko titin Ikorodu, AC a kunne, iska ba ta bugun lagireto, komai ya dogara ga fanka. Sabuwar mota na jurewa. Wadda ta haura shekara goma sha biyar, duk wani rauni da take ɓoyewa a nan yake fitowa.

Da allura ta wuce rabi tana hawa, kashe AC nan take. In hitar motar na aiki, kunna ta a ƙure, tana jan zafi daga inji. Ratse gefe da wuri, ka kashe inji, ka kafa jar alama mai kusurwa uku a baya, ka ɗaga bonet. Gara ka tsaya da kanka inda ka zaɓa da ta tsaya maka a tsakiyar hanya jami'an LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, su zo janyewa. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30, kuma sai ka matsa babban tiyon sama da tsumma ka ji ya yi laushi. Ruwan ciki yana iya haura digiri 100 ba tare da ya tafasa ba saboda matsin da yake ciki, da ka buɗe sai ya yi tsartuwa zuwa fuska. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Top ɗin motocin nan, wato kan injin, na alminiyon ne, yana lanƙwashewa.

Bayan ta huce, tambayar farko ita ce yaushe take zafin.

In a gosulo ne kawai, da hanya ta buɗe allura ta sauko, to iska ce matsalar. Tayar da mota, kunna AC, ka leƙa: ya kamata fankoki su juya. In ba su juya ba, bi fiyus, sannan rile, sannan cire soket ɗin fankar ka ba ta wuta kai tsaye daga batir da 'yan wayoyi biyu. Ta juya da ƙarfi, laifin na rile ne ko na'urar jin zafi. Ta ƙi, ko tana juyawa a kasalance, motar fankar ce ta gaji. Wannan na biyun yana ruɗar mutane, domin ido na ganin tana juyawa alhali iskar ba ta kai ta kawo ba. Leƙa kuma tsakanin kondansar AC da lagireto. Leda, ganye da taɓo kan cushe wurin. Wanke da ruwa marar ƙarfi daga ciki zuwa waje. Injin wankin mota mai matsi yana kwantar da siraran haƙoran lagireto.

In akasin haka ne, wato a cikin gari lafiya amma da ka hau hanyar Ibadan ka taka sai ta hau, ruwa ne ba ya zagayawa sosai. Ko lagireto ya toshe, ko tamostat, ɗan ƙarfen da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, ya maƙale, ko fuka-fukan famfon ruwa sun cinye. Bayan inji ya ɗumama ka kashe shi, ka zare makulli, ka shafa fuskar lagireto a hankali. Wuri mai zafi kusa da wuri mai sanyi alamar toshewa ce. Abin da ke jawo ta shi ne ruwan rijiya da na burtsatse da ake ɗurawa shekara da shekaru, wanda a unguwanni da yawa na Legas yana ɗauke da ƙarfe ko gishiri.

In ruwa ne ke raguwa, nemi inda yake fita. Kan lagireto na roba yakan tsage kusa da wuya, za ka ga farin layi ko ja-ja a bushe. Duba bakin kowane tiyo wajen kilif, da ƙarƙashin famfon ruwa inda ɗan rami yake ɗiga idan ya fara mutuwa. Kada ka manta da murfin lagireto kansa. A jikinsa an rubuta 0.9 ko 1.1, ƙarfin matsin da yake riƙewa ke nan. In robarsa ta tsage ko ta taurare, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana gudu zuwa robar ajiya. Shi ne mafi arha a duk kayan sanyaya inji, kuma shi aka fi mantawa. Sayi mai lamba irin ta tsohon.

Yanzu ga maganar da za a yi ta gardama a kai a kowane gareji: cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye. Hujjar ita ce wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Ba haka ba ne. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 95, a Legas ko a Kanada. Tamostat ɗin Toyota yana fara buɗewa a 82, lambar tana jikinsa. In aka cire shi, inji yakan daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce ta riƙa ƙara fetur, baƙin mai ya yi saurin lalacewa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ƙarin ba abin wasa ba ne. A injuna da yawa ma tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji, in babu shi wani kaso na ruwan zai riƙa kewayawa bai shiga lagireto ba. Fankar da ke juyawa dare da rana kuwa tana ƙonewa da wuri, ranar da za ta mutu kuma ba ta sallama. Mafi muni, ainihin ciwon yana nan an lulluɓe shi.

Gwada tamostat abu ne na kicin. Jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ya fara buɗewa, yana tafasa kuma ya buɗe kusan santimita ɗaya. In bai motsa ba, ko ka same shi a buɗe tun yana sanyi, canza shi. Wajen ɗaurawa, ɗan ƙaramin ramin da ke gefensa mai 'yar ƙusa mai motsi ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Ruwan da za ka zuba kulant ne, wato ruwan da aka haɗa musamman don sanyaya inji. Camry da Corolla masu silinda huɗu suna cin lita 6 zuwa 7. Ruwan hoda na Toyota a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa komai. Mai kauri kuma ana raba shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, ba mai asid ba. Zuba a hankali inji na sanyi, saita hita a zafi, bar murfi a buɗe, tayar da mota. Riƙa matsa tiyon sama kana ganin kumfa na fita kana ƙarawa, har fanka ta tashi ta mutu sau biyu. Rufe, cika robar ajiya zuwa layin sama, washegari da safe ka sake dubawa. Iskar da ta maƙale a ciki kaɗai ta isa ta sa allura hawa da sauka.

Akwai alamun da in ka gan su ka ajiye sifana. Kumfa na ta fitowa daga bakin lagireto ba ta ƙarewa, tiyo ya yi tauri minti kaɗan bayan tayarwa, farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Gaskit ɗin top ya ƙone. A Camry mai injin 2AZ-FE, musamman ta 2002 zuwa 2006, zafi kan sa zaren da ke riƙe dogayen kusoshin top ya zame daga jikin bulok, galibi ta baya. In aka canza gaskit ba a gyara zaren ba, aikin zai dawo. Tambayi bakanike wannan kafin ya rufe.

Rawar inji da fitilar cek

Kada ka yarda a zare ƙwan fitilar cek, mai gargaɗin matsalar inji a gaban sitiyari, ko a liƙe ta. Cusa sikan ka karanta. P0301 zuwa P0304 na nufin silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu ba ta ƙona mai daidai. A ce P0302 ka gani: kwance kwayil na biyu da sifana 10, musanya shi da na uku, goge lambar, ka ɗan zagaya. In ta koma P0303, kwayil ɗin ne, guda ɗaya za ka saya. In ta tsaya a P0302, yi wa fulogi irin wannan musanyar, daga nan sai nozul. In ka tarar da baƙin mai a ramin fulogi, robar murfin saman inji ce ke yoyo, kuma za ta kashe sabon kwayil ma.

Ana kwance fulogi inji na sanyi. Wajen mayarwa fara ɗaura shi da hannu zalla har ya zauna, sannan ka ɗan ƙara da soket. Injin 1ZZ-FE na Corolla yana amfani da Denso SK16R11, 2AZ-FE kuma SK20R11, kuma irin waɗannan masu siririn baki ba a buga su don gyara tazara. P0171 iska ce ta fi mai yawa: duba babban tiyon iska ko ya tsage a lanƙwasarsa, sannan ka fesa wa na'urar auna iska maganin da aka yi dominta, ba fetur ba, kuma kada ka taɓa siririyar wayar ciki. In fitilar cek tana ƙiftawa, rage gudu ka nemi wurin tsayawa, ɗanyen fetur na ƙona katalis, matatar hayaƙin da ke jikin salansa.

Bayan shiga ruwa

Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma wajen Satumba da Oktoba, titunan Lekki da wasu sassan Oshodi zuwa Apapa kan zama kogi. Ruwan da ya kai tsakiyar taya ya isa a juya. In mota ta mutu a cikin ruwa, kada ka murɗa makulli ko sau ɗaya. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin da ya taso ya same shi sai sandarsa ta lanƙwashe, injin da tsumma da sabon mai za su ceta ya koma na sayarwa a kasuwar tsofaffin kayan mota ta Owode Onirin.

A tura ta tudu. Cire baƙar wayar batir, buɗe akwatin matatar iska. In matatar a jiƙe take, ɗauka ruwa ya shiga. Kwance kwayil da fulogi duka, zare fiyus ɗin EFI, tsane ruwan da ke cikin tiyon iska, mayar da batir, sannan ka juya inji na 'yan daƙiƙu sau da yawa ruwan ya feso ta ramukan. Duba sandar auna baƙin mai da ta man giya. In ɗaya ya yi fari-fari ko ya haura layi, a juye shi kafin a tayar. Ɗaga kafet ka shanya, domin soson ƙasansa na riƙe ruwa makonni yana cin wayoyi, kuma taka birki a hankali sau da yawa kafin ka shiga titi.

Juye da sayen kaya

Motar da ke wuni a gosulo injinta na aiki ko mitar kilomita ba ta ƙirga ba, saboda haka juyen baƙin mai duk kilomita 5,000 ko wata shida ya fi dacewa. Notin ƙasa 14 ne a Toyota, 17 a Honda, mai kusan lita 4, sandar awo ce za ta yanke hukunci. Kaurin da kamfani ya rubuta a murfi, galibi 5W-30, shi za ka bi; 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota yana wahalar da injuna masu VVT-i. Man giya ba a yi masa haɗe-haɗe: mai lamba T-IV ga Camry ta 2002 zuwa 2006, WS ga wadda ta biyo baya, Honda kuma nata na kanta. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da ƙafar ƙarfe a kan daɓe mai ƙarfi, an sa wa tayoyin baya waigi.

In gwaji ya nuna sai an saya, tafi Ladipo a Mushin ko kasuwar ASPAMDA da ke Trade Fair da tsohon kayan a hannunka da lambar shasi a waya. Gwama lambar jiki da yawan ƙafafun soket, domin mota ɗaya shekara ɗaya tana iya zuwa da iri biyu. Kwayil, kik, altaneta da fanka na tokumbo na asali sukan fi sabo marar suna ƙarko, amma a gwada a gabanka, a rubuta maka kwanakin da za ka iya mayarwa a rasit, ka kuma yi wa kayan alama da fenti. Bel, tiyo, tamostat, murfin lagireto, fulogi da takalmin birki kuwa sababbi ake saye. Bel ɗin taimin na Camry ta 1997 zuwa 2001, wanda ake canzawa a wajen kilomita 100,000 tare da famfon ruwa tunda shi ke juya shi, da buɗe top, da cikin giya, da duk abin da ya shafi jakar iska mai wayoyi ruwan ɗorawa, waɗannan aikin bakanike ne. Kai dai ka je masa da lambar da sikan ya nuna da jerin abin da ka riga ka gwada.